Ina son karanta aikin jarida, Baba ya ce sai koyarwa

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 18 daga jihar Katsina, bana zan gama sakandare. Tun ina ƙarama nake zama kusa da rediyon Baba idan ana labaran safe, kuma ni ce nake karanta labarai a taron ɗalibai na makarantarmu duk ranar Litinin. Burina in karanta aikin jarida a jami'a. Da na faɗa a gida, Baba ya ce sam, koyarwa ce ta dace da 'ya mace, ta tashi aiki da azahar ta koma ɗakinta. Ya ce aikin jarida yawo ne da maula, ga haɗari. Umma kuma tsoronta kada a riƙa ganina a talabijin, manema su guje ni. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne Yayana ya karanta Mass Comm, wato wannan kwas na aikin jarida, ya yi hidimar ƙasa, har yau bai samu aiki ba, POS yake yi a bakin kasuwa. Shi ma ya ce kada in soma. Ƙawata ta ba ni shawara in cike fom ɗin JAMB da abin da nake so ba tare da na faɗa musu ba, wai idan gurbi ya fito ba yadda za su yi. Ba na son saɓa wa Baba, amma idan na tuna zan bar wannan buri sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Anti, yaya zan yi?

'Yarki daga jihar Katsina

Wa alaikis salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Na ji daɗin wasiƙarki, kuma na lura da yadda kika kawo hujjar kowa a gidanku ba tare da kin rage wa wani ba, har wanda bai goyi bayanki ba. Wannan hali ne da ake nema ruwa a jallo a aikin da kike so.

Bari mu fara kawar da shawarar ƙawarki, don ita ce ta fi gaggawa. Kada ki yi. Na san da ƙauna ta faɗa miki, amma ba ita za ta zauna gaban Baba ranar da takardar gurbi ta fito ba. Shi zai biya kuɗin rajista na shekara huɗu, shi zai ba ki kuɗin mota da na abinci, kuma izininsa za ki nema duk ranar da malami ya tura ku ɗauko rahoto a kasuwa ko a kotu. Idan kika fara da ɓoye masa, kin ba shi hujjar da ba shi da ita a yau, wato cewa wannan buri yana koya miki rufa-rufa. Aikin jarida kuwa jarinsa guda ne, mutane su yarda cewa abin da kika faɗa haka yake. Ba na so ki fara shi da rasa amincewar mutumin da ya fi kowa muhimmanci a gare ki. Ban da haka ma ba ki da dalilin gaggawa, domin JAMB tana ba da damar canza kwas ko makaranta bayan an yi rajista, da ɗan kuɗin da ake biya. Ƙofa ba ta rufuwa ranar cike fom.

Yanzu maganar Baba. Ina so ki saurare ta da kunnen basira, domin yawancin abin da ya faɗa yana da tushe. Albashi a gidajen rediyo da jaridu masu zaman kansu da yawa ƙanƙane ne, akwai inda ake riƙe shi watanni, akwai ma inda za a ba matashi katin shaida kawai a ce ya je ya nema wa kansa. Daga nan ne maular da Baba yake nufi take fitowa. Ki kwatanta a ranki: an gama taron manema labarai a wani otal, babban baƙo ya shiga mota ya tafi, amma 'yan jarida ba su watse ba. Jami'in hulɗa da jama'a ya fito da takarda, kowa ya rubuta sunansa da na gidan da yake wakilta, sannan a miƙa masa ambulan a ce ga kuɗin mota. Wanda ya karɓa, gobe idan aka ce wannan ma'aikata ta cinye kuɗin gyaran asibiti, hannunsa zai yi nauyi wajen rubutawa. Baba ya ga irin wannan ko ya ji labari, kuma ba ya son ganin 'yarsa a wannan layi. Wannan kishin mutuncinki ne, ki gode masa a kai.

Manyan gidajen da kike ji a rediyon Baba kuwa, irin su Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da DW, da RFI, guraben aikinsu kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawan masu kammala wannan kwas kowace shekara. Su ma ba su da tabbas na har abada. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan Muryar Amurka, Sashen Hausa ya yi shiru, ƙwararrun ma'aikata da wakilai suka wayi gari ba aiki. Haɗarin ma gaskiya ne. An kashe Zakariyya Isa na gidan talabijin na NTA a Maiduguri a 2011, an kashe Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels a Kano ranar 20 ga Janairun 2012 yana bakin aiki, kuma an sha kama 'yan jarida a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Ban kawo waɗannan don in tsorata ki ba. Na kawo su ne don ranar da za ki zauna da Baba, ya ga cewa kin san abin da kike nema, da daɗinsa da ɗacinsa.

Sai Yayanki. Ina roƙonki kada ki ɗauke shi abokin hamayya. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana karatu, iyaye suka kashe kuɗi, ya dawo yana zaune a ƙarƙashin lema yana cire wa mutane kuɗi, akwai ciwo a ransa, ko da sana'ar tasa halal ce kuma tana rufa masa asiri. Idan ya ce kada ki soma, yana son kare ki ne daga abin da ya ɗanɗana. Shi ne kuma ya fi kowa a gidanku sanin cikin wannan kwas. Ki same shi cikin natsuwa ki ce, Yaya, don Allah ba ni labarin karatunka. Ki tambaye shi ina ya yi aikin koyon sana'a na dole da ake tura ɗalibai, me aka sa shi yi a can, ko an taɓa buga masa rahoto ko an sa muryarsa a iska kafin ya gama, kuma su wa suka samu aiki a cikin 'yan ajinsu, me suka yi daban. Kada ki yi tambayar da sigar tuhuma. Rashin aiki ya shafi masu digiri a kowane fanni, har da koyarwar da Baba yake so, kuma mai yiwuwa Yayanki ya yi iya ƙoƙarinsa. Amma amsoshinsa za su nuna miki abin da nake son ki riƙe fiye da komai a wannan amsa tawa.

Abin shi ne, digirin aikin jarida shi kaɗai ba ya mayar da mutum ɗan jarida, kuma ba ya sama masa aiki. Likita da lauya ba su da hanya sai ta makarantarsu. Jarida ba haka take ba. Edita idan kika je neman aiki, kafin ya dubi takardarki zai ce ki nuna masa abin da kika taɓa rubutawa ko kika haɗa, wani ma ya ba ki labari da Turanci ya ce ki mayar da shi Hausa nan take. Wadda ta zo da rahotanni ashirin da ta yi tun tana aji biyu ta riga mai babban sakamako da hannu wofi. Wannan ba ya nufin karatun ba shi da amfani. A can za a koya miki dokar ɓata suna da iyakar abin da za ki iya faɗa kan mutum, da ƙa'idojin aikin, da yadda ake bincike, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa. Za ki shiga situdiyo, ki riƙe kyamara, ki san malamai da abokan karatu da za su zama hanyarki nan gaba. Duk wannan tushe ne mai kyau, amma ginin ke za ki ɗora shi da hannunki.

Kafin ki je ko'ina, akwai tambayar da nake so ki amsa wa kanki. Kin ce kina son karanta labarai. Karantawa ita ce ƙarshen aikin, kuma ita ce mafi ƙanƙanta. Labaran minti goma da kike ji da safe, bayansu akwai wanda ya yini a ƙofar ofis ana ce masa oga yana mitin, da wadda ta zauna tana sauraron hirar awa guda tana rubutawa kalma bayan kalma don ta ciro daƙiƙa talatin, da editan da ya jefar da rahoto gaba ɗaya saboda ba a ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba. Shin wannan ɓangaren ma kina son sa? Ba za ki sani ba sai kin gwada, kuma kina da lokacin gwadawa, wato hutun da ke tsakanin gama jarrabawa da fitowar gurbi.

Ga gwajin. Ki zaɓi matsala ɗaya a unguwarku da kowa yake kuka da ita, misali tsadar ruwa. Da izinin Umma, da rakiyar ƙaninki ko Yayanki, ki tambayi matan gida biyar nawa suke sayen jarka yanzu, nawa suke saye bara. Ki tambayi mai kura nawa yake sarowa a rijiyar burtsatse, ki tambayi mai rijiyar me yake kashewa kan fetur ko hasken rana. Ki nemi mai unguwa ko kansila ki ji me ya sa famfon gwamnati ya daina kawowa. Ki rubuta sunan kowa daidai, ki tambaye shi ko ya yarda a ambace shi. Sannan ki zauna ki rubuta shafi ɗaya da Hausa, ki sake rubuta shi da Turanci, ki karanta shi a wayar Umma ki naɗi muryarki. Idan a tsakiyar wannan aiki kika ji ya gundure ki, to kin gano wani abu mai amfani game da kanki tun ba a kashe ko sisi ba, wataƙila muryarki da iya tsayuwa gaban jama'a ne baiwarki, kuma aji ma yana buƙatar su. Idan kuwa kika dawo gida kina jin akwai sauran mutum ɗaya da ya kamata ki tambaya, to 'yata wannan aiki yana jininki.

Ki kula da harsunan nan biyu sosai. Mutane da yawa suna zaton tunda Hausa suka tsotsa, rubuta ta ba wuya. Ba haka ba ne. Wadda ta iya raba kalma daidai, ta san inda ƙ da ɗ da ɓ suke shiga, ta iya ɗauko bayanin kasafin kuɗi ta faɗe shi yadda kakarta za ta gane, tana da abin sayarwa a jaridar Aminiya, da tashoshin FM da suka cika Kano da Kaduna da Katsina, da Arewa24, da shafukan Hausa na intanet, da ƙungiyoyin da ke wayar da kai kan lafiya da noma. Ki koyi sarrafa murya da bidiyo a waya tun yanzu, domin yau ana son wanda zai ɗauko, ya tace, ya aika shi kaɗai.

Tsoron Umma kuma shi ne ya fi sauƙin amsawa, duk da cewa daga zuciya yake fitowa. Ki bayyana mata cewa yawancin masu wannan aiki ba a ganin fuskarsu. Akwai masu tace labarai, da masu shirya shiri, da masu fassara, da masu bin diddigin gaskiyar abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook, irin aikin da shafin intanet na Dubawa yake yi. Rediyo kuwa murya ce kawai. Ki ba ta labarin marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar Kano, wadda ta zama editar jaridar Sunday Triumph, ta riƙe jaridar New Nigerian a Kaduna, ta yi aiki a mujallar Citizen, tana kuma cikin jagororin ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, har Allah ya karɓi ranta a turmutsutsun Mina a aikin Hajjin 2015. Ba wanda ya ce jarida ta rage mata mutunci ko addini. Kuma akwai matan aure da yawa a gidajen rediyonmu a yau, da 'ya'yansu da mayafinsu. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, mace a wannan aiki tana haɗuwa da masu raina ta da masu neman ta da abin da bai dace ba, a cikin ofis da wajen ɗauko rahoto, kuma lokutan aiki ba su da tsari kamar na makaranta. Duk wanda ya zo neman aurenki nan gaba, wannan magana ce da za a yi ta a fili tun kafin a kai kuɗi.

Mu zo kan hanyoyin da ke gabanki. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta raba tsohon kwas ɗin da Yayanki ya karanta zuwa digiri bakwai, ciki har da aikin jarida zalla, da aikin rediyo da talabijin, da hulɗa da jama'a, da tallace-tallace, da fim, da sadarwa don ci gaban al'umma. Wasu jami'o'in sun raba, wasu suna nan kan tsohon tsari, don haka ki buɗe ƙasidar JAMB ta bana ki duba sunan kwas ɗin a kowace makaranta da darussan da take nema, musamman Adabin Turanci, wanda makarantu da yawa ke sharɗantawa. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk sun daɗe a wannan fanni, kowacce tana da gidan rediyonta a cikin makaranta inda ɗalibai ke koyon aiki, kuma ba su yi nisa da gida ba, abin da zai kwantar wa Baba hankali. Masu nema suna da yawa, sai kin ɗaga maki. Idan bai kai ba, akwai difloma a kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna, wadda idan sakamako ya yi kyau ake iya shiga aji biyu na jami'a da ita.

Ga kuma abin da nake ganin zai iya sasanta ki da Baba. Hanyoyin nan biyu suna da gada a tsakaninsu, ta kowane ɓangare. Wadda ta yi digirin jarida tana iya yin babbar diflomar koyarwa bayan digiri, irin wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da jami'o'i da yawa suke bayarwa, ta yi rajista da hukumar malamai, ta shiga aji da cikakkiyar takarda. Haka nan wadda ta yi digirin koyar da Turanci ko Hausa tana iya shiga ƙungiyar 'yan jarida ta ɗalibai, ta roƙi aikin sa kai a rediyon makaranta, ta riƙa aika rubutu jaridu, daga baya ta yi babbar diflomar aikin jarida. Wannan hanya ta biyu ba ta gazawa ba ce. Malam Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, malamin makaranta ne kafin ya shiga jarida. Hajiya Bilkisu kimiyyar siyasa ta karanta a Zariya. Editoci da yawa ma sun fi son wanda ya zo da zurfin sani a wani fanni.

Idan kika tambaye ni ra'ayina, in kin ci gwajin da na ba ki, ina goyon bayan ki nemi kwas ɗin jaridar kai tsaye, domin ɗalibi ya fi ƙwazo a abin da ransa yake so, kuma situdiyo da aikin koyon sana'a suna buɗe ƙofofin da na waje yake wahalar samu. Amma goyon bayan nawa yana tare da sharaɗin yardar Baba.

Ga yadda za ki neme ta. Ki fara da Umma, ki kunna mata rahoton ruwan da kika naɗa, ki bar ta ta ji muryar 'yarta tana faɗin abin da ya dame ta ita ma. Sannan ki nemi wani babba da Baba yake jin nauyinsa, kawu ko gwaggo ko malamin da yake kula da ku a makaranta, ki bayyana masa komai. Idan akwai wata ma'aikaciyar rediyo mai mutunci a garinku da za a iya kai Umma su gaisa, wannan zai yi aikin da maganata ba za ta yi ba. Ranar da za ki yi wa Baba magana, ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki durƙusa kamar yadda kika saba, ki fara da cewa kin yi tunani kan abin da ya faɗa kuma kin ga gaskiyarsa. Sai ki miƙa masa rahoton a rubuce, ki faɗa masa makarantar da kike so da nisanta da gida, ki yi masa alkawari biyu da za ki iya cikawa: ba za ki taɓa tsayawa layin ambulan ba, kuma bayan digiri za ki yi diflomar koyarwa don takardar da yake so ta kasance a hannunki. Kada ki nemi amsa a ranar. Ki ce, Baba, a duba mini, duk abin da aka yanke zan bi. Ki yi istihara kafin nan, ki roƙi Umma ta taya ki da addu'a.

Idan bayan duk wannan ya tsaya kan koyarwa, ki karɓa da zuciya ɗaya, kada ki shiga jami'a da fushi. Ki roƙe shi abu biyu kawai: ya bar ki ki zaɓi koyar da Turanci ko Hausa, kuma a jami'ar da take da gidan rediyo. Makon farko da kika gama rajista, ki nemi ofishin tashar ki ce kin zo aikin sa kai, ko da share situdiyo da ɗaukar wayoyi za a fara ba ki. Ki rubuto mini bayan kun zauna da Baba, kuma ki haɗo da rahoton ruwan, ina son in karanta shi in gyara miki inda yake buƙatar gyara.